Sandar Renske da Tagar da Ba Labule

Renske Bolhuis tana da shekara hamsin da takwas lokacin da ta shiga neman sandar da za ta kafa a gidanta, kuma da sandar ce kaɗai matsalar, da mako guda ya ishe ta, don ba mace ce mai jan magana ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana kula da tsofaffi a gidajensu a nan Kampen. Tun da safe take hawa keke, ko ruwa ko iska, ta shiga wannan gida ta yi wa tsohuwa wanka, ta shiga wancan ta ɗaga tsoho daga gado ta zaunar da shi, ta saka masa safar nan mai matse ƙafa wadda sai ka yi gumi kafin ta shiga. Rabin tsofaffin garin ta san nauyinsu a hannunta. Ta haifi 'ya ɗaya da ke can Utrecht, ta binne iyayenta biyu, kuma ba wanda ya taɓa jin sunanta a cikin wata magana marar daɗi.

To, bayanta ne ya fara cewa ya gaji. Mai gashin ƙashi ya duba ta ya ce ba magani, sai dai ta ƙarfafa tsakiyar jikinta. Ta gwada iyo, ta gaji da ƙirga tayil ɗin ƙasan ruwa. Aka ce ta je gidan motsa jiki. Tana shiga aka nuna mata keken da ba ya zuwa ko'ina, ita da ke wuni a kan keke na gaske. Ta ce a kai kasuwa.

Wata abokiyar aikinta ce ta ja ta zuwa Zwolle ranar wata Talata da yamma. Ɗaki ne mai madubai, da sandunan ƙarfe takwas a tsaye daga ƙasa har silin. Renske ba yarinya ba ce, ta san irin gidajen rawar dare da aka fi sanin sandar nan da su, inda mata ke rawa kusan tsirara, har ta so juyawa daga bakin ƙofa. Amma matan da ta tarar ba wata rangwaɗa suke ba, nishi suke kamar masu ɗaga siminti: malamar firamare, wata mai sayar da kifi, da wata da ta zo da 'yarta suna yi tare. Ranar farko Renske ta kama sanda ta daka tsalle, ta zame ta dawo ƙasa tim kamar buhun dankali. Ƙwaurinta duk ya yi tabo. Amma a jirgin ƙasa kan hanyar dawowa ta kama kanta tana dariya ita kaɗai, har wani mai jarida ya canza kujera.

Bayan wata uku ciwon bayan ya lafa. Ba shi ne ya riƙe ta ba ma. Duk rayuwarta mutane take ɗagawa, sai ga shi yau tana ɗaga kanta da hannunta, kuma daɗin abin ya shige ta har ba ta san yadda za ta faɗa ba. Ta so abin nan ƙwarai. Sai dai idan maƙwabta suka gan ta da jaka ranar Talata, cewa take za ta motsa jiki, ta taka keke da sauri kafin a tambaye ta wane iri.

Shekara biyu ana haka. Ta iya hawa har sama, ta iya juyi iri-iri, abu ɗaya ya gagare ta: ta kifa kanta ƙasa ƙafafu sama ba tare da an tallafe ta ba. Malamarsu Marloes, wata 'yar firit mai hannu irin na maƙeri, ta gaya mata gaskiya.

"Renske, sau ɗaya a mako ba zai kai ki ko'ina ba. Ki koya yau, kafin wata Talatar jikinki ya manta. Ki kafa sanda a gida mana."

Mijinta Evert ya san da maganar sanda tun ranar farko. Tsohon ma'aikacin gada ne, irin wanda ke buɗe ta idan jirgin ruwa zai wuce, yanzu ya yi ritaya ba abin da ya rage masa sai tef ɗin awo da ra'ayi. Mutum ne da zai auna burodi kafin ya yanka. Da ta fara zuwa Zwolle tambaya ɗaya ya yi mata, wai wa ke ɗaure musu kusoshin sandunan, kuma ya san aikinsa? Don haka da ta ce za ta sayi tata, har wani haske fuskarsa ta yi. Ya ɗauko tabarau ya share tebur.

Ashe sanda ba sanda ba ce kawai. Akwai mai kauri milimita arba'in, akwai mai arba'in da biyar, kuma wannan 'yar biyar ɗin ita ce bambancin riƙo da faɗuwa. Kwana uku Renske tana bin gida tana damƙe duk abin da ya yi kama da sanda, daga mariƙin matakala har bututun bayan gida, Evert na biye da ita yana aunawa yana rubutawa. Hannunta kamar cebur yake, saboda haka aka tsaya a kan arba'in da biyar, wannan bai ba da wahala ba.

Sai kuma fatar ƙarfen. Mai ƙyalli irin na Zwolle ya daɗe yana sa mata jan ƙuraje a bayan gwiwa, irin waɗanda 'yan kunnen araha ke sa mata tun tana budurwa. Aka soke shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuma santsi gare shi ga mai busasshiyar fata irin tata. Mai fenti yana kamu har ya wuce kima, ka yi juyi ya kwashe maka fata. Saura biyu ke nan, na tagulla da mai rigar roba. Tagullar ta kwanta mata a rai tun daga hoto, amma Marloes ta ce tagulla ɗumi take so, a ɗaki mai sanyi sai ta yi maka rowa. Evert ya yi gyaran murya. Shekara talatin na'urar ɗumama gidan nan tana kan digiri sha bakwai, kuma a ra'ayinsa duk mai jin sanyi yana da riga a sama. Renske ta ce a bar wannan tukuna, a fara samo wuri.

Nan ne fa aka zo wajen. Sandar da suka fi natsuwa da ita irin wadda ake tokarawa ce tsakanin ƙasa da silin, a murɗa har ta kafe, ba a huda ko'ina. Sharaɗinta ɗaya, abin da za ta tokara a sama ya zama mai ƙarfi ne na gaske. Renske tun kafin a tambaye ta ta ce ɗakin can na ƙarƙashin rufi. Suka hau. Rufin a karkace yake, ta ɗaga hannu ɗaya ta bugi katako, ta juya ta gwara kai. Ta ce to tsohon ɗakin 'yarsu na baya. Evert ya ƙwanƙwasa silin ya ji ƙarar fanko, ya ce allo ne kawai. Ta ce ya cika tsoro. Sai ya ɗauko tsintsiya mai sanda ya tokara ya ɗan danna. Sandar tsintsiyar ta shige ciki har rabi, farin gari ya zubo masa a ka. Ya tsaya haka fari fat yana kallonta ta saman tabarau.

Ta koma kan wata iri mai zuwa da nata dandamali, wadda ba ruwanta da silin. Evert ya karanta nauyin gindin, ya je ya tsaya a ƙasan matakalarsu mai tsayi kamar tsani, ya dube ta ya dubi matarsa. Ko an kai shi sama ma, in ta hau dandamalin kanta ne zai taɓo silin. Ta ce rumfar kekuna fa? Kekuna huɗu ne a ciki da sanyin da zai daskarar da man shanu.

Saura wuri ɗaya, kuma dukansu sun san shi tun farko, kewaye shi kawai take yi. A falon ƙasa akwai wani ƙaton katako da ya ratsa silin daga bango zuwa bango, ya girmi kakanninsu, shi ke ɗauke da benen gaba ɗaya. Evert ya hau kujera ya ƙwanƙwasa, katakon ya amsa da murya mai kauri.

"Wannan ko saniya zai ɗauka," in ji shi.

"Na gode, Evert. Ka iya magana."

Ya sauko ya auna. Daga katakon zuwa babbar tagar da ke kallon titi, mita ɗaya da rabi.

Matsalar ita ce, a layin nan ba mai labule a tagar falo. Kana wucewa ka ga Malam wane na cin dankalinsa ƙarfe shida, ka ga agogon bangonsa, shi ya ɗaga maka hannu ka ɗaga masa, kowa ya kama gabansa. Haka ta taso. Mahaifiyarta duk Juma'a take wanke gilashin taga, kuma har ta mutu ba ta yarda da mutanen kirki suna rufe falonsu da rana ba. Ga shi sandar ƙarfe fata take kamawa, ba ta kama yadi. Dole gajeren wando, dole cinya da ciki a waje. Mace mai jika, a gaban taga, a layin da rabinsa ke zuwa coci sau biyu ranar Lahadi.

Ba layin duka take tsoro ba, in za a faɗi gaskiya. Dineke Kamphuis take tsoro, ta gidan da ke kallon nasu. Matar marigayi dattijon coci ce, shekara saba'in da huɗu, ba ta tsegumi, ba ta ɗaga murya, kallo ɗaya take yi ka ji kamar ka zo makaranta ba ka yi aikin gida ba. Renske ce ta yi jinyar mijin Dineke wata takwas har ya cika, kuma tun daga ranar Dineke take gaishe ta da wata irin girmamawa da ba ta yi wa kowa. Renske tana ji da wannan gaisuwar fiye da yadda za ta yarda ta faɗa, kuma ba ta so ta rasa ta.

Don haka ta yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Ranar wata Alhamis ta sayo labule mai kauri, ruwan toka, ta rataya don gwaji, ta ja shi ruf da tsakar rana. Falon ya yi duhu kamar cikin akwati. Ta zauna ta ce ai ba laifi, za a saba.

Ba a yi awa biyu ba aka danna ƙararrawa. Ba su yi da kowa zai zo ba, kuma a nan ba a faɗo wa mutum gida haka kawai. Evert ya je ya buɗe. Dineke ce tsaye cikin baƙar rigarta ta zuwa jana'iza, riƙe da tukunyar miyar wake mai zafi. Tana ganin Evert a tsaye da ransa, da biskit a hannu, tukunyar ta kusa kuɓuce mata. Ita a zamaninsu ba a rufe tagar gaba da rana sai an yi rashi, kuma da yake da safe ta ga Renske ta wuce a keke, ta riga ta gama lissafin wanda ya tafi.

"Evert," ta ce a hankali. "Ashe kana nan."

"Ina nan, maƙwabciya. Ko da wani abu ne?"

Renske ta fito da sauri. Dineke ta dube ta, ta dubi labulen, tana jiran bayani. Sai bakin Renske ya buɗe da kansa ya ce rana ce ke cinye musu launin kujera. A watan Nuwamba. Kwana tara ke nan rabon garin da ganin rana. Dineke ta miƙa mata tukunyar ta ce tunda an riga an dafa sai a ci, ta tsallaka titi ta koma gida.

Kai, Renske ta ji kunya ranar. Ba kunyar sanda ba, kunyar ƙarya. Ita da ta wanke mijin matar nan da hannunta, ta tsaya a ƙofa tana yi mata ƙarya irin ta yara. Evert kuwa miyar ya zauna ya sha faranti biyu, yana cewa bai taɓa sanin mutuwarsa za ta yi daɗi haka ba. Kafin magariba ta sauke labulen ta ninke.

Amma ba ta saduda ba, ta tuna da mai rigar roba. Ita wannan tana kama yadi, kana iya hawa da dogon wando da riga mai dogon hannu, ka rufe jikinka ruf. Ta ce shi ke nan an samu mafita, in ma an gan ta, a suturce za a gan ta. Ranar Talata ta roƙi Marloes ta bar ta ta gwada guda ɗaya da suke da ita a lungu. Ta hau. Kamar ta rungumi tiyon ban ruwa. Ba a zamewa, ba a sulalowa, duk juyin da ta sha wahala shekara biyu ta koya sai ya cije a rabi. Ta sauko tana cewa ba laifi, ba laifi, za ta saba.

Marloes ta tsaya riƙe da ƙugu. "Kin faɗi ba laifi sau huɗu. Wai sandar nan ke za ki hau, ko 'yan layinku?"

Renske ta ji haushi har ba ta yi mata sallama ba. A jirgi ta zauna tana tafasa, yarinyar da ba ta kai 'yarta ba za ta gaya mata magana. Kafin a iso Kampen haushin ya koma kanta. Ta ga tun daga ɗakin ƙarƙashin rufi har zuwa rigar roba, ba sau ɗaya da ta tambayi abin da jikinta ke so. Shekara biyu tana yin abin da ya fi komai faranta mata rai, tana ɓoye shi kamar kayan sata. Ta shiga gida ko rigar ruwa ba ta cire ba.

"Ta tagulla. Arba'in da biyar. A falo."

Evert ya ajiye jarida. Ya daɗe yana kallon na'urar ɗumama gida da ke bango, kamar mai bankwana da ɗan'uwa.

"Sha tara," ya ce.

"Ashirin da ɗaya."

"Rens, gidan burodi za mu buɗe?"

Aka tsaya a ashirin, awa ɗaya a rana, kuma shi zai riƙa murɗawa da hannunsa.

Sandar ta iso ranar Juma'a cikin dogon kwali. Suka kafa ta Asabar da safe, don Lahadi ba ranar buga-buga ba ce. Evert ya kwashe awa ɗaya da rabi a kan aikin minti ashirin. Ya gwada miƙewarta ta gabas, ya gwada ta kudu, ya murɗa, ya sassauta, ya sake murɗawa, a ƙarshe ya kama ta da hannu biyu ya yi lilo da duk nauyinsa, silifa ɗaya ta fice. Ko gezau. Ta tsaya a tsakiyar falo tana sheƙi ruwan zuma, tsakanin kujerar Evert da teburin gahawa da aka tura gefe.

Renske ta hau sama ta canza kaya. Ta daɗe a can. Sannan ta sauko cikin gajeren wando. Titin a cike yake da masu dawowa daga cefanen Asabar. Ta goge sandar, ta murza ta da tafin hannu har ta yi ɗumi, ta kama. Tagullar ta riƙe ta kamar dama jiranta take. Ta hau sau ɗaya ta taɓo katakon, ta sulalo a hankali. Wani mutum mai kare ya waiwayo, ya sake waiwayowa, karen ya ja shi suka wuce. Wasu mata biyu suka rage tafiya, ɗaya ta taɓa ɗaya. Renske ta ji fuskarta ta yi zafi, amma ba ta matsa daga wurin ba.

Sai ta tsaya gefen sandar, ta damƙe ta da hannu biyu, ta ja numfashi. Ba Marloes a bayanta, sai Evert da ya baza hannuwa kamar mai jiran a jefo masa kankana. Ta ja, ta naɗe ciki, ƙafafu suka tashi, suka wuce inda suka saba tsayawa, gwiwarta ta maƙale sandar. Duniya ta kife. Ga rufin gidaje a ƙasa, ga duwatsun titi a sama, ga kuma Dineke Kamphuis a kife, ta sauko daga keke a daidai tagar, ganyen albasa na leƙowa daga jakar bayan keken.

Suka kalli juna. Fuskar Dineke ba ta nuna komai ba. Ta dubi sandar tun daga ƙasa har katako, ta dubi cinyoyin, ta dubi jar fuskar da ke rataye a ƙasa. Sannan ta ɗaga hannun dama daidai kafaɗa, yadda take yi kullum in ta wuce, ba ƙari ba ragi.

To, an gaishe ka, dole ka amsa. Renske ba ta yi tunani ba. Ta ƙara matse gwiwa, ta saki hannu ɗaya, hannun da ko a Zwolle da katifa a ƙasa ba ta taɓa yarda ta saki ba, ta ɗaga wa maƙwabciyarta. Sandar ta riƙe, gwiwar ta riƙe. Dineke ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta ja kekenta ta tsallaka titi.

Dariya ta ƙwace wa Renske a nan inda take, hawaye na gangarowa ta goshi suna shiga gashinta. Murna ta cika ta har ƙirjinta na ciwo. Evert ya matso da hannuwansa yana cewa ya isa haka, ta sauko kafin jini ya taru mata a ka.

"Matsa can, tsoho," ta ce. "Kana tare wa mutane."